Gajeriyar Bindiga da Kwafinta na Roba: Ina Haɗarin Yake?

A garin Uherský Brod na Jamhuriyar Cek, kamfanin CZ yana ƙera wata gajeriyar bindiga mai suna Scorpion EVO 3. Nauyinta bai kai kilo uku ba, kuma idan aka naɗe gindinta tsawonta ba ya kai rabin mita, don haka tana shiga jakar goyo ba tare da ta leƙo ba. A ƙasar Denmak kuwa, wani kamfani mai suna ActionSportGames yana ƙera wata da wannan suna, da wannan tsawo, da wannan tambari a jikinta, kuma da izinin masu ta asalin yake yi. Ta farko tana fitar da harsashi mai nauyin giram takwas da gudun kusan mita 370 a daƙiƙa ɗaya. Ta biyu ɗan ƙwallon roba take tofarwa, mai faɗin milimita shida, wanda sai an tara biyar suke yin giram guda, da gudun da bai wuce mita ɗari da 'yan kai ba. A ma'aunin da masana ke auna ƙarfin abin da aka harba, wato jul, ta farko ta haura 500, ta biyu tana wajen ɗaya. Wannan ta biyun ita ce bindigar wasan da ake kira eyasof, wasan da matasa da magidanta ke yi daga Tokyo har Landan. Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa haɗarin irin wannan kwafi yana cikin kamanninsa, ƙwallon da yake harbawa ƙaramin al'amari ne, kuma duk dokar da ba ta faro daga wannan gaskiya ba za ta faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ta hana mutane wasan da bai cutar da kowa ba, ko ta bar yara a bakin halaka alhali tana ganin ta sauke nauyi.

Kafin a zo ga kwafin, sai an san ta asalin. Yawancin mutane bindiga iri biyu suka sani, fistol da ake riƙewa a hannu, da doguwa irin AK-47 da ake tokarawa a kafaɗa. Tsakaninsu akwai ta uku, wadda ake tokarawa a kafaɗa kamar doguwa amma harsashin fistol take ci. Dabarar ta tsufa. Kamfanin Winchester na Amurka ya fito da wata bindiga a 1873, bayan 'yan shekaru kamfanin Colt ya yi fistol mai cin harsashi iri ɗaya da ita, sai makiyayin da ke kwanaki a daji ya huta da ɗaukar harsashi kashi biyu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ba wannan iri siffar da muka sani yau. Faɗa a cikin ramukan yaƙi na kusa da kusa ne, doguwar bindiga tana harɗe mutum, sai Hugo Schmeisser ya tsara wa Jamus MP18 a 1918, gajeriya mai aman wuta muddin yatsa na kan kunama, tana cin harsashin milimita tara da Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarnin. Daga nan aka yi ta haihuwar 'ya'ya da jikoki: Sten ta Birtaniya a 1941, wadda aka ƙera miliyoyinta saboda arha, Uzi ta Isra'ila a shekarun 1950, da MP5 ta kamfanin Heckler & Koch da jami'an tsaron Jamus ta Yamma suka fara riƙewa a 1966. Ita MP5 ta yi suna ne a ranar 5 ga Mayun 1980, lokacin da duniya ta kalli dakarun Birtaniya a talabijin, sanye da baƙaƙen kaya, suna kutsawa ofishin jakadancin Iran da ke Landan don ƙwato waɗanda aka yi garkuwa da su. Masana'antar makamai da aka kafa a Kaduna a 1964 ma ta ƙera irin wannan bindiga, samfurin kamfanin Beretta na Italiya.

Me ya sa ake son irin wannan bindiga? Harsashin fistol albarushinsa kaɗan ne, matsin da yake haifarwa a cikin bututu bai kai na doguwar bindiga ba, saboda haka yawancin irin waɗannan bindigogi ba sa bukatar kayan ciki masu sarƙaƙiya. Wani curin ƙarfe mai nauyi da sifirin a bayansa sun isa su tare ƙarfin fashewar har harsashi ya fita, su tofar da kwanso, su turo wani. Ƙira mai sauƙi tana jawo arha da ƙarancin lalacewa. Ga kuma sauƙin saiti: mai fistol hannuwansa ne kaɗai ke riƙe da ita a sarari, rawar hannu kaɗan tana kautar da harsashi nesa da abin hari, amma mai wannan yana da kafaɗa, da kunci, da hannu biyu, duk suna dafe da ita, kuma bugun da take yi wa kafaɗa bai taka kara ya karya ba. Rauninta a fili yake. Harsashin AK-47 yana fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa, ƙarfinsa ya ninka na milimita tara kusan sau huɗu. Da rigunan sulke na zamani suka yaɗu, harsashin fistol ya kasa huda su, sai rundunoni suka koma ga gajerun bindigogi masu cin harsashin doguwa, irin M4 da Amurka ta ɗauka a 1994. Abin da ya rage wa masu cin harsashin fistol shi ne aikin 'yan sanda a cikin gari da na masu tsaron lafiyar manya, inda ake son abin da za a ɓoye a ƙarƙashin kwat ko a fito da shi daga mota cikin hanzari. Don wannan aikin ne sojan Amurka ya zaɓi APC9K ta kamfanin B&T na Siwizalan a 2019.

Inda ta sake samun kasuwa shi ne hannun fararen hula a Amurka. Harsashin milimita tara yana da arha, filayen koyon harbi na cikin gini suna karɓarsa, gasannin harbi sun buɗe wa wannan iri rukuni nasa, wasu samfuran kuma suna karɓar gidan harsashin fistol ɗin Glock da mutum ya riga ya mallaka. Sai dai abin da farar hula ke saya ya sha bamban da wanda yake gani a fim. Dokar 1934, bayan gyaran da aka yi mata, ta sa duk bindigar kafaɗa da bututunta bai kai inci 16 ba sai an yi mata rajista ta musamman, da harajin dala 200 da aka yanka tun wancan lokaci aka kuma ci gaba da karɓa har ƙarshen 2025. Dokar 1986 kuma ta hana sayar wa farar hula sabuwar bindiga mai ɓarin wuta da kanta. Daga nan aka shiga wasan ɓuya da doka. A 2012 wani mutum mai suna Alex Bosco ya ƙirƙiro maɗaurin da ake ɗaura bindiga a damtse da shi, don wani tsohon soja da ya nakasa ya iya harbi da hannu ɗaya. Ba a jima ba masu saye suka gane cewa maɗaurin yana zama a kafaɗa daram, sai kamfanoni suka riƙa sayar da gajerun bindigogi da sunan fistol mai maɗauri. Hukuma ta sauya musu matsayi a 2023, kotu ta soke wannan ƙa'ida a 2024. Abin lura a nan shi ne, gajeriyar MP5 ɗin da yaro ya gani a hannun jarumin fim, mai aman wuta ba ƙaƙƙautawa, ko a Amurka ba kowa ke iya mallakarta ba, balle a Turai ko Asiya. Sha'awar tana nan, hanyar samu ta toshe. Wannan giɓin ne kwafi ya cike.

A Japan aka fara cike shi, kuma ba abin mamaki ba ne. Dokar bindiga da takobi ta 1958 ta kusan raba farar hula da fistol gaba ɗaya. Masu sha'awa suka koma ga bindigogin kwaikwayo na ƙarfe waɗanda ba sa harba komai, hukuma ta ga ana tsorata mutane da su, sai a 1971 ta tilasta a toshe bakinsu a kuma shafe su da fari ko rawaya. Masu ƙira suka juya ga roba da iska, kuma zuwa farkon shekarun 1980 matasa sun fara raba kansu gida biyu a cikin daji suna harbin juna da ƙwallayen roba. Babban sauyi ya zo a 1991, lokacin da kamfanin Tokyo Marui ya fito da bindiga mai batir: ɗan injin lantarki yana juya giya, giya tana ja da fistin baya, sifirin ya turo shi gaba, iskar da ta matsu ta cilla ƙwallo, a maimaita hakan fiye da sau goma a daƙiƙa. Bayan shekara biyu kamfanin ya ƙara wata 'yar roba a cikin bututu da ke goga saman ƙwallon ta sa shi juyawa baya, juyawar tana ɗaga shi a iska har ya yi nisan da ƙarfinsa kaɗai ba zai kai shi ba. Daga Japan sana'ar ta tsallaka Taiwan da Hong Kong da ƙasar Sin. Wasan kansa a kan amana aka gina shi, abin da ya burge ni ƙwarai: ƙwallon ba ya barin fenti a jiki, don haka wanda aka sama shi ne zai ɗaga hannu ya shelanta cewa an same shi, ya fita daga fili. Wanda aka san shi da ƙin amsawa, ba a daɗewa ake daina wasa da shi.

A nan ne hujjata ta farko take. A duniyar bindigar gaske, siffa tana bin aiki: doguwa tana kai nesa, gajeriya ba ta kai ba, mai zaɓar ɗaya ya haƙura da amfanin ɗayar. A duniyar kwafi wannan bambanci ya kusan gushewa, domin doka da ƙa'idar fili sun daidaita ƙarfin kowa. Japan ta tsayar da iyaka a jul 0.98 tun 2006, Birtaniya ta tsayar da 1.3 ga masu ɓarin wuta a dokar 2017. Kwafin AK-47 da kwafin MP5 sau da yawa injin cikinsu kusan ɗaya ne, ƙwallonsu ɗaya, nisan da suke kaiwa babu wata tazara. To me mai saye yake biya? Siffa yake biya, da nauyi a hannu, da rubutun da ke jikin ƙarfe. Shi ya sa lasisin suna ya zama babbar sana'a: kamfanin Umarex na Jamus ke riƙe da izinin sa sunan Heckler & Koch a kan kwafi, masu ƙera bindigar KRISS Vector kuwa da kansu suka buɗe reshen da ke yin kwafinta. Kuma a cikin dukkan nau'o'in bindiga, babu inda asali da kwafi suka matso kusa da juna kamar a wannan gajeren iri. Ta gaskiyar ma a yau yawancin jikinta roba ce mai tauri, ba ta da katako, ba ta da nauyi, bakinta ƙarami. 'Yan wasa suna son ta saboda filayen cikin gini masu lungu da saƙo, inda doguwa ke karo da bango. Siffofin da suka sa mai tsaron shugaba ya zaɓi ta gaske, gajarta da sauƙin ɓoyewa da saurin fitarwa, su ne suka sa kwafinta ya fi sauƙin fita daga gida a cikin jakar makaranta.

Ba na cewa ƙwallon ba ya cutarwa. Yana fasa ido, yana ɓantare haƙori, kuma wanda ya rasa ido ba ruwansa da lissafin jul. A Afganistan, bayan ƙaramar Sallar 2015, yara da matasa fiye da ɗari aka kai asibiti da raunin ido daga bindigogin wasa, har gwamnati ta hana sayar da su. Duk wanda ya san yadda yara ke kashe kuɗin barka da Sallah a garuruwanmu ya san irin waɗannan bindigogin roba masu ƙananan ƙwallaye ba baƙi ba ne. Amma wannan cuta ce da aka san maganinta. Babu filin wasa mai tsari da zai bar mutum ya shiga ba tare da tabaran kariya ba, ana gwada ƙarfin kowace bindiga da na'ura kafin a fara, ana kuma cire gidan ƙwallaye a wurin hutawa. Inda aka bi waɗannan, raunin da ya rage bai wuce tabo a fata ba.

Cutar da ba ta da tabarau ita ce ta kamanni. A ranar 22 ga Oktoban 2013, a Santa Rosa ta jihar Kalifoniya, wani jami'in tsaro ya harbe Andy Lopez, ɗan shekara 13, yana tafe da kwafin AK-47. A ranar 22 ga Nuwamban 2014, a birnin Cleveland na jihar Ohayo, ɗan sanda ya harbi Tamir Rice, ɗan shekara 12, wanda ke wasa da kwafin fistol a wani wurin shaƙatawa, ya rasu washegari. A ƙarshen 2016 jaridar Washington Post ta ƙirga mutum 86 da 'yan sandan Amurka suka kashe cikin shekara biyu suna riƙe da bindigogin da ba na gaske ba. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ƙwallon roba ya kashe. Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne, kuma gaskiya ne, amma sai an samu lokacin dubawa ake tantancewa. Mai shagon da aka nuna wa baki a tsakar dare, da direban da aka tare a hanya, da ɗan sandan da aka kira cikin gaggawa, babu wanda yake da ma'aunin jul a aljihu. Bindiga tana yin rabin aikinta tun kafin a taɓa kunama, ta hanyar tsoron da take jefawa, kuma wannan rabin kwafi yana yin sa cikakke.

Za a ce, kuma an sha faɗa, cewa laifin na 'yan sanda ne, ɗora shi a kan abin wasa wanke mai laifi ne. Akwai gaskiya mai nauyi a cikin wannan. Wanda ya buga wa 'yan sanda waya game da Tamir Rice ya ce mai yiwuwa bindigar ta bogi ce kuma mai yiwuwa yaro ne, ba a isar da wannan ga jami'an da aka tura ba. An harbe shi cikin kamar daƙiƙa biyu da tsayawar motar 'yan sandan. Birnin ya biya iyalinsa dala miliyan 6 a 2016. Tamir baƙar fata ne, Andy ɗan asalin Latin Amurka ne, kuma ba wanda ya san tarihin ƙasar da zai ce launin fata bai taka rawa ba a saurin jan kunama. Duk wannan na yarda da shi. Sai dai gyaran horon 'yan sanda da hana kwafi yawo a titi ba kishiyoyin juna ba ne, kuma uban da ke jiran a gama gyaran 'yan sanda kafin ya karɓe kwafin daga hannun ɗansa zai daɗe yana jira. Ban da haka, 'yan sanda ba su kaɗai ne masu ruɗuwa ba. Maƙwabci mai bindiga yana iya ruɗuwa, taron jama'a yana iya ruɗuwa, kuma ɗan fashin da ya ɗauki kwafi ya san sarai wannan ruɗanin ne jarinsa.

Maganin da Amurka ta zaɓa tun 1988 shi ne a sa wa bakin kowace bindigar wasa alama mai launin ruwan goro mai haske, faɗin kamar milimita shida. A takarda dabara ce mai kyau, a aikace kuwa ba ta riƙe ruwa. Bindigar Andy Lopez da ta Tamir Rice duk ba su da alamar a ranar da aka harbe su. 'Yar roba ce da ke karyewa, ko a cire ta, ko a shafe ta da baƙin fenti cikin minti biyar, kuma ɗan wasan da ya biya kuɗi don kamanni yana da dalilin yin hakan. Ko tana nan, da magariba ba a ganinta, idan bakin yana cikin ƙugu ko jaka ba a ganinta. Ta ɗaya gefen kuma, babu abin da ya hana mugu shafa wa bindigar gaske ruwan goro don jami'i ya yi jinkiri, ga shi kamfanoni suna sayar da bindigogin gaske masu launin hoda da shuɗi. Kalifoniya ta ƙara tsauri bayan mutuwar Andy, da dokar da ta fara aiki a 2016 mai tilasta ƙarin launi mai ƙyalli a wasu sassan jikin bindigar. Ya fi babu, amma tushen matsalar bai motsa ba: an ɗora wa mutumin da ke cikin firgici aikin karanta launi, an kuma ba iyaye kwanciyar hankalin da ba ta da madogara.

To a haramta gaba ɗaya mana, kamar yadda kusan dukkan Ostireliya ta yi? Masu wannan ra'ayi suna kawo hujja biyu. Ta farko, wai ana iya mayar da kwafi bindigar gaske. Ga eyasof wannan tsoro ba shi da ƙarfi, domin roba da sassauƙan ƙarfen da ake yin sa da su ba za su jure fashewar albarushi ba. Waɗanda 'yan ta'adda suka riƙa sauyawa a Turai wani iri ne daban, masu harba harsashin ƙara marar dalma, kuma hukumomi sun bi su da dokokinsu. Ta biyu ta fi nauyi: wasan yana koyar da riƙon makami. Haka ne, yana koyarwa. A 2004 wani ɗan Japan mai suna Tatsuya Sakai, wanda a ƙasarsa da kwafi kawai yake atisaye, ya je Kalifoniya ya ɗan saba da fistol na gaske, ya lashe gasar saurin harbi ta Steel Challenge a gaban gwanayen Amurka. Wanda ya ce ƙwarewar ba ta tsallakawa bai faɗi gaskiya ba. Amma a dubi ƙasar da Sakai ya fito. Japan ce mahaifar wasan, shagunansa suna tsakiyar Tokyo, ga mujallu ga filaye, duk da haka a 2021 'yan sandan ƙasar, mai mutum sama da miliyan 120, harbi goma suka ƙirga a shekara, mutum ɗaya ya mutu. Iya saiti ba ya kashe kowa idan ƙofar samun bindigar gaske a kulle take. Haramci kuma ba ya taɓa ɗan fashi, wanda sassaƙen icce da baƙin fenti sun ishe shi a cikin duhu, masu bin doka kaɗai yake kora. Kanada ta sa sakin layin da zai kusan kashe wasan a wani ƙudirin dokar makamai, 'yan majalisa suka cire shi a 2023 bayan sun saurari 'yan wasa da masu shaguna.

Ƙasashen da a ganina suka gano bakin zaren su ne Birtaniya da Jamus, domin tambayoyin da suka yi su ne wa za a sayar wa, kuma ina za a fito da ita. Dokar Birtaniya ta 2006 ta hana sayar da kwafin da ba a iya bambanta shi da ta gaske, sai ga wanda ke da uzurin da doka ta amince da shi, kamar masu shirya fim, da gidajen tarihi, da 'yan wasan da ke zuwa fili mai inshora. Masu shaguna suka kafa rajista: sai mutum ya cika shekara 18, ya yi wasa sau uku a fili mai rajista cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba, sannan a sayar masa. Wanda ya kai shekarun amma bai cika sharaɗin wasan ba sai dai ya sayi wadda aka shafe fiye da rabin jikinta da launi mai haske, kuma mayar da ita baƙa laifi ne. Fita da kwafi bainar jama'a ba tare da dalili ba shi ma laifi ne mai zaman kansa. Jamus tun 2008 ta hana yawo da duk abin da ya yi kama da makami, sai a cikin akwati a kulle, da tarar da ke iya kai yuro 10,000. Tsarin yana da ɓaraka, ana sayen na hannu a ɓoye, ana shigo da wasu ta wasiƙa. Amma ya raba ɗan wasa na gaskiya, wanda wata biyu ba komai ba ne a wurinsa, da mai son abin tsoratarwa a daren yau. Ya kuma ba ɗan sanda da iyaye ƙa'ida guda da ba ta bukatar karanta launi: baƙar bindiga a titi ba ta da hurumi, ko ta gaske ce ko kwafi. Kamfanonin da ke karɓar kuɗin lasisi don a kwaikwayi bindigoginsu ya kamata su sa irin wannan sharaɗi a yarjejeniyarsu ko a ƙasar da doka ba ta tilasta ba, tunda daga kamannin suke cin riba.

Wannan tsari yana tsaye ne a kan ƙafa uku: fili mai shinge da alƙalan wasa, mai shago da ke duba rajista, da jami'in tsaro da ya san akwai irin wannan wasa a duniya. Inda babu ko ɗaya daga ciki, hujjar da na kawo wa wasan ba ta kare sayar da kwafin ba. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda shingayen bincike suka cika manyan hanyoyi, 'yan sintiri ke kwana a bakin unguwa, kuma ihun ɓarawo kan tara jama'a kafin a yi tambaya, saurayin da aka gani da kwafin Scorpion ko MP5 da wuya ya samu damar yin bayani. Jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su kwata-kwata ya riga ya ƙunshi fistol mai harbi da iska, sai dai ciniki ta intanet yana kawo wa matasa hotunan waɗannan kwafi da farashinsu har cikin wayarsu. Matuƙar ba a samu filaye masu rajista da hukuma ta san da su ba, bindigar wasan da ta dace a gani a kasuwar Sallah ita ce wadda duk jikinta launi ne mai haske, siffarta kuma ba ta kwaikwayi kowace bindigar gaske ba, ta yadda mai gadi zai gane ta daga ƙarshen layi ko da hasken tocila.